Ofishin shirya tafiya da ya kai mu bakin jirgin ruwa a ƙurarren lokaci

Akwai wani ofishin shirya tafiye-tafiye a Sabon Garin Zariya da aka daɗe da saninsa wajen aikin Umara da yankan tikitin jirgin sama, wanda ya ƙara wani sabon tsari a cikin hidimominsa, wato mako guda a jirgin ruwa na yawon shaƙatawa a Bahar Maliya, a tashi daga Jidda a zagaya a dawo Jidda, sannan a wuce Makka a yi Umara kafin a komo gida. Ni da maiɗakina mun yi wannan tafiya ta hannunsu a watan Janairu, kuma tun dawowarmu 'yan uwa da abokan arziki suke tambayata ko ofishin ya isa a danƙa masa kuɗi. Amsata ita ce ya iya aikin takardu ƙwarai da gaske, amma ya gaza a wuri guda mai nauyi, wato ranar hawa jirgi, kuma wannan gazawa ta sa wani iyali daga cikin ayarinmu sun tsaya a bakin tasha suna kallon jirgin da suka biya kuɗinsa ba tare da an bar su sun shiga ba. Ba zan ambaci sunan ofishin ba, domin abin da nake so mai karatu ya gane shi ne irin kuskuren, wanda kowane ofishi zai iya yi.

Zan fara da haƙƙinsu na yabo. Tafiya irin wannan tana da wuyar takardu fiye da Umara kaɗai, domin jirgin yana barin Saudiyya ya je Masar da Jodan sannan ya dawo, saboda haka dole bizar mutum ta ba shi damar fita ya sake shiga, fasfonsa kuma ya zama yana da sauran aƙalla wata 6 kafin ya ƙare aiki, ga kuma katin rigakafin shawara da ake nema daga matafiyan Najeriya. Duk waɗannan ofishin ya kammala su ba tare da an yi ta kai-komo da mu ba. Wata matashiyar ma'aikaciya a ofishin ta zaunar da mu ɗaya bayan ɗaya ta yi mana rajistar shiga jirgi ta intanet, ta ɗauki hotonmu da waya a jikin farin bango, ta shigar da lambobin fasfo tana karanta su da ƙarfi muna tabbatarwa, sannan ta buga wa kowa takardarsa ta shiga jirgi ta saka a farar leda. A lokacin ban ɗauki wannan aiki da wani muhimmanci ba, amma daga baya shi ne ya cece mu, kuma ina so a san cewa aikin wannan yarinya ba shi da aibu.

Matsalar tana cikin jadawalin da mai ofishin ya tsara da hannunsa. Takardar da aka ba mu da Hausa ta ce za mu tashi daga filin jirgin sama na Malam Aminu Kano da ƙarfe 1 na dare, mu sauka Jidda da safe, bas ta kwashe mu zuwa tashar jiragen ruwa, jirgin ruwa kuma zai tashi da ƙarfe 7 na daren wannan ranar. Wato ranar saukarmu ita ce ranar tashin jirgin. Na tambaye shi ko ba zai fi kyau mu isa Jidda kwana guda kafin nan ba, sai ya ce, "Ranka ya daɗe, ai kuna da wuni guda cur a hannu. Kwanan otal ƙarin kuɗi ne kawai, kuma mutanenmu suna kukan tsada." Na ce masa, "Alhaji, lokacin hazo ne fa." Ya amsa da cewa sun saba, kuma in Allah ya yarda babu abin da zai faru. Na fahimci dalilinsa, domin duk mai sayar da tafiya a wannan zamani na tsadar canji yana neman inda zai rage farashi don kada abokin ciniki ya gudu. Sai dai abin da ya zaɓa ya rage shi ne abu ɗaya tak da bai kamata a taɓa ba.

Duk wanda ya girma a Arewa ya san halin hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da iska ke kwaso ƙura daga Sahara ta lulluɓe gari har mutum ya kasa hango ƙarshen layinsu. Jirgin sama yana da iyakar nisan gani da matuƙi ke buƙata kafin a ba shi izinin sauka, kuma idan hazo ya yi kauri fiye da haka, dole jirgin ya jira a inda yake ko ya karkata wani filin. Wannan abu ne da ke faruwa a Kano da Kaduna da sauran filayen Arewa kusan kowace shekara. Abin lura kuma shi ne kakar jiragen ruwa na shaƙatawa a Bahar Maliya da yankin Tekun Fasha takan kasance a watannin sanyi, domin a lokacin ne zafin yankin ke sauka, wato dai lokacin da ya fi daɗin shiga jirgin ruwa a can shi ne lokacin da ya fi wuyar amincewa da agogon jirgin sama a nan. Ofishin da ke zaune a Zariya, wanda ke tura mutane ta Kano shekara da shekaru, ba shi da uzurin rashin sanin wannan.

Mun bar Kwangila a Zariya bayan la'asar don kada dare ya same mu a hanya, muka ci tafiyar kimanin kilomita 150 zuwa Kano, muka isa filin jirgi da sauran lokaci mai yawa. Wajen ƙarfe 11 aka sanar cewa jirgin da zai ɗauke mu bai samu sauka ba saboda hazo. Aka ce a dakata zuwa ƙarfe 3, daga nan aka ce sai gari ya waye. Ban ga laifin kamfanin jirgin saman ba a kan wannan, domin gara jinkiri da a jefa rayuka cikin haɗari. Mutanen ayarinmu ma ba su tayar da hankali ba da farko, saboda kowa yana lissafi da ƙarfe 7 na dare da ke rubuce a takardar ofis, kuma kowa yana ganin ko da azahar muka tashi za mu cimma jirgin.

Bayan sallar asuba ne lissafin ya rushe. A cikin ayarin akwai wani Alhaji ɗan kasuwa daga Tudun Wada da ya taho da mahaifiyarsa tsohuwa da matarsa da 'yarsa ɗaliba. Yarinyar ce ta zaro takardar shiga jirgi daga leda tana karantawa don rage zaman jira, sai ta ci karo da wani layi na ƙananan haruffa a ƙasan shafi, wanda ya ce ana rufe karɓar fasinja awa 2 kafin tashin jirgi, kuma duk wanda ya zo bayan haka ba za a karɓe shi ba, ba za a mayar masa da kuɗi ba. Ta ce, "Baba, ashe ƙarfe 5 ne za su rufe, ba 7 ba." Sai wani malami a cikinmu ya tuna mana cewa agogon Saudiyya yana gaban na Najeriya da awa 2, saboda haka ƙarfe 5 na Jidda ƙarfe 3 ne a agogon da ke hannunmu. Takardar Hausa ta ofis ba ta ambaci lokacin rufewa ba, ba ta kuma faɗi da wane agogo aka rubuta lokutan cikinta ba. A zama ɗaya muka tarar awa 4 sun zube daga abin da muke zaton muna da shi. Na kira mai ofishin, wayarsa ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba, na tura masa saƙo ta WhatsApp, bai duba ba sai da hantsi ya yi, lokacin muna cikin sama.

Mun tashi wajen 8 da rabi na safe. Tafiyar Kano zuwa Jidda takan ci kusan awa 5, saboda haka 3 ta wuce a agogon Jidda kafin muka sauka a filin jirgin Sarki Abdul'aziz. Filin yana arewacin birni, tashar jiragen ruwa kuwa tana can kusa da tsohon gari, dole sai an ratsa cikin Jidda a lokacin da ma'aikata ke tashi daga aiki. Da muka gama da jami'an shige da fice muka fito, babu bas ɗin da aka yi mana alkawari. Direban ya zo tun da safe, ya jira har ya gaji ya tafi wani aikin, domin babu wanda ya sanar da shi cewa jirginmu ya yi jinkiri. Wannan ma laifin ofis ne, tunda duba lokacin saukar jirgi a waya bai fi aikin minti guda ba. Waɗanda kayansu suka fito da wuri, har da mu, muka tari tasi kowa ta kansa. Alhajin Tudun Wada bai iya bin mu ba, saboda keken da ake tura mahaifiyarsa a kai yana cikin kayan da ba su fito ba tukuna, ita kuwa ba ta iya doguwar tafiya da ƙafa. Ya ce mini, "Malam, ku yi gaba, ku gaya musu muna tafe."

Saura minti 10 a rufe muka shiga zauren karɓar fasinja. Wuri ne babba da aka jera igiyoyi a cikinsa don tsara layin dubban mutane, amma a lokacin babu kowa a tsakanin igiyoyin, ma'aikata har sun fara naɗe wasu, kanta biyu kawai suka rage da haske. Matar da ke kantar ta dubi agogon bango, ta miƙo hannu ba tare da wata magana ba, ta haska takardunmu da na'ura, hotunan da aka ɗauka a Sabon Gari suka fito mata a kwamfuta, ta dube mu ta dubi hoto, ta miƙo mana katunan jirgi. Wannan kati shi ne mabuɗin ɗaki, shi ne shaidar fita da shiga a kowace tasha, da shi kuma ake biyan duk abin da aka saya a ciki. Da a ce ba a yi mana rajistar nan tun daga gida ba, da sai an zauna an shigar da komai da hannu, kuma ban ga yadda minti 10 za su ishi mutanen da muka iso tare ba. Abin da ofis ya manta shi ne takardun da ake liƙa wa akwati masu ɗauke da lambar ɗaki, sai wani ɗan dako ya rubuta lambar da alƙalami a kan wata takarda ya ɗaura wa hannun akwatin, ya tura shi cikin keken kaya na ƙarshe. Na gaya wa matar cewa akwai mutum huɗu a bayanmu, har da tsohuwa. Ta rubuta sunayensu, ta ce za ta sanar, amma ba ta yi mini alkawarin komai ba.

Da 6 saura minti 20 wayata ta yi ƙara. Alhaji ne, muryarsa a sanyaye, ya ce, "Malam, ga mu a bakin ƙofa, muna ganin jirgin da idonmu, amma sun ce an rufe." Na sauka zuwa teburin karɓar baƙi na cikin jirgi na roƙi jami'in da ke wurin, na gaya masa cewa jirgin yana nan ɗaure, tsanin shiga ma ba a janye shi ba, kuma akwai sauran fiye da awa guda. Abin da nake ji a zuciyata a lokacin shi ne an yi wa bayin Allah rashin adalci. Mu a nan mun saba da motar haya da ke tsaye a tasha sai ta cika, wadda idan ka san direba za ka kira shi ka ce ga ka nan tafe ya riƙe maka kujera, kuma da wannan tunani yawancinmu muka je bakin teku. Jami'in ya saurare ni har na gama, sannan ya yi mini bayani cikin natsuwa, bayanin da tun daga ranar ya sauya yadda nake kallon lamarin.

Awa biyun nan da ke tsakanin rufe ƙofa da tashin jirgi ba lokacin zaman banza ba ne. Da zarar an rufe, jirgi zai miƙa wa hukumomin tasha cikakken jerin sunayen duk wanda ke cikinsa, fasinja da ma'aikaci, kuma sai jami'an shige da fice da na kwastan sun tantance wannan jeri kafin a ba shi izinin fita. Ƙara suna huɗu bayan an miƙa jeri yana nufin a sake buɗe aikin da aka riga aka rufe, a dawo da jami'an da suka tashi, a sake kunna na'urar binciken kaya. Ban da wannan, babban jirgi ba ya fita daga tasha da kansa. Akwai matuƙin tasha, wanda ya san mashigar ruwan wurin, da ke hawowa ya jagoranci jirgin har ya fita fili, kuma a Jidda wannan aiki ba ƙarami ba ne, domin mashigar tana kewaye da duwatsun murjani da aka san haɗarinsu tun zamanin jiragen alhazai. Shi matuƙin yana da lokacin da aka tsara masa, haka ƙananan jiragen da ke ja da tura babban jirgi, haka masu kwance igiyoyi, kuma tashar Jidda tana cike da jiragen kaya da ke jiran nasu layin. Idan jirgi ya rasa lokacinsa, sai ya jira wani, sannan ya ƙara gudu a teku don ya cimma tasha ta gaba, ƙarin gudu kuwa yana cin mai fiye da kima, ga dubban fasinjoji da suka biya kuɗin ziyarce-ziyarcen washegari.

Akwai kuma atisayen ceto, wanda aka kira mu gare shi tun ina tsaye a gaban teburin. Kowane fasinja yana da wurin taruwa da aka rubuta a katinsa, dole ya je can a haska katin a tabbatar ya zo, a nuna masa yadda ake saka rigar ceto, a kuma sanar da shi ƙarar gargaɗi, wato busa bakwai gajeru da ɗaya doguwa. Wannan doka ce ta yarjejeniyar kare rayuka a teku da ake kira SOLAS, wadda aka fara ƙullawa a 1914 bayan nutsewar jirgin ruwan Titanic a 1912, wadda kuma ake aiki da tsarinta na 1974 ƙarƙashin Hukumar Kula da Sufurin Ruwa ta Duniya da ke Landan. A da, jirgi yana da damar yin atisayen cikin awa 24 bayan hawan fasinja. Sai aka yi hatsarin jirgin shaƙatawa na Costa Concordia a daren 13 ga Janairun 2012 a gaɓar tsibirin Jiliyo na Italiya, inda mutum 32 suka rasu, alhali ɗaruruwan fasinjojin da suka hau a ranar ba a kai ga yi musu atisaye ba. Daga 2015 dokar ta koma cewa a yi shi kafin jirgi ya tashi ko nan take da tashinsa. Da na ji wannan, ban ƙara ganin rufe ƙofar a matsayin taurin kai ba.

Jami'in ya ƙara da wata magana da ta fi komai ɓata mini rai game da ofishinmu. Ya ce kyaftin yakan iya ɗan jinkirtawa, ko kamfani ya ɗauki nauyin kai mutum tasha ta gaba, idan tikitin jirgin saman ta hannun kamfanin jirgin ruwan aka saye shi, domin a lokacin suna da lambar jirgin kuma suna bin sawunsa. Mu kuwa ofis ya sayi tikitin sama daban, na ruwa daban, ya haɗa mana su a leda ɗaya kamar abu guda, alhali jirgin ruwan bai san ta inda za mu fito ba, bai kuma san an yi hazo a Kano ba. Da ofis ya kira layin gaggawa na kamfanin tun da asuba, wanda lambarsa ke jikin takardar shiga jirgi, da aƙalla an san da zuwanmu.

Abin da ma'aikatan jirgin suka iya yi sun yi shi. Sun haɗa Alhaji da wakilinsu na tasha, wanda shi ne mai kula da harkokin jirgi a ƙasa, ya karɓi bayanan fasfonsu ya nema musu izinin hawa a tasha ta gaba. A nan Allah ya yi musu gyaɗar dogo, domin tasha ta gaba Yanbu ce, wadda ke cikin Saudiyya, a arewacin Jidda da tafiyar fiye da kilomita 300 a kan titi mai kyau. Suka kwana a otal a Jidda, suka ɗauki shatar mota da sassafe, suka hau jirgi a Yanbu kafin azahar. Da a ce Yanbu ba ta cikin jadawalin, tasha ta gaba ita ce Sukhna a Masar, wadda sai an nemi izinin shiga ƙasar an kuma yanki tikitin sama zuwa Alƙahira kafin a kai gare ta, kuma da tsohuwa a keke ban ga yadda za su yi ba. Kuɗin otal da mota da abinci duk daga aljihun Alhaji suka fito, kuma ya gaya mini sun ninka abin da kwana guda a Jidda zai ci da tun farko an tsara shi. Inshorar da ofis ya sayar mana ta rashin lafiya ce kaɗai, ba ta ɗauke da rasa jirgi saboda jinkiri, ko da yake akwai irin wadda ke ɗauke da hakan. Da na je gaishe da Hajiya mahaifiyarsa a ɗakinsu, ƙafafunta a kumbure saboda zaman kujera na wuni biyu, ba ta zagi kowa ba, sai ta ce, "Ɗana, zuwa da wuri ya fi zuwa da wuri-wuri."

Game da jirgin kansa ba ni da ƙorafi. Ɗakinmu ƙarami ne amma tsaf, abinci wadatacce, kifi da shinkafa da kayan lambu ba sa yankewa, ma'aikata kuma masu ladabi ne. Daga Sukhna aka kai masu so Alƙahira, daga tashar Safaga, ita ma a Masar, aka je Luksor, daga tashar Aƙaba ta Jodan aka je tsohon birnin Petra. Mu da muka iso a makare mun rasa abincin rana na ranar farko, akwatinmu bai iso ɗaki ba sai can dare saboda lambar da aka rubuta da hannu, kuma maganin hawan jini na maiɗakina yana cikinsa, abin da ya sa nake cewa duk mai shan magani ya riƙe shi a jakar hannu tare da fasfo da kayan sauyi ɗaya. Dokar lokaci ba ta ƙare a ranar farko ba, domin a kowace tasha ana rubuta lokacin da kowa zai dawo ciki a bakin tsani, yawanci rabin awa kafin tashi, kuma agogon jirgi ake bi, wanda wani lokaci yakan bambanta da na garin da aka sauka. Umarar da ta biyo baya ofis ya tsara ta yadda ya kamata, masauki kusa da Harami, mota a kan lokaci, domin wannan fanni ne da suka ƙware a kai.

Bayan dawowarmu ni da Alhaji muka je ofis. Mai ofishin ya tarbe mu da mutunci, ya ba da haƙuri, ya mayar wa kowa kuɗin bas ɗin da bai zo ba tun kafin mu nema. Amma da aka zo kan asarar Alhaji sai ya ce, "Ranka ya daɗe, ƙaddara ce, hazo ba a hannuna yake ba." Babu mai musun ƙaddara a cikinmu, kuma babu wanda ya ce shi ya tayar da ƙura. Abin da muka ce shi ne ranar tafiya shi ya zaɓa, lokacin rufe ƙofa shi ya bar shi daga takarda, wayar da aka kira da asuba tasa ce, direban bas kuma shi ya kamata ya sanar da shi. Daga ƙarshe ya yarda ya biya kuɗin otal ɗin Jidda, Alhaji ya yafe na mota. Na yaba masa da bai rufe ƙofa ya ɓuya ba kamar yadda wasu ke yi, amma na fito da jin cewa har yanzu yana ganin abin a matsayin tsautsayi na rana ɗaya, bai gan shi a matsayin giɓi a tsarinsa ba.

Saboda haka ga wanda ya tambaye ni, zan ce ya iya bin wannan ofishi, ko wani irinsa, amma da sharaɗi. Kada ya yarda ya sauka a garin da jirgi yake a ranar tashinsa. Kwana guda kafin nan shi ne mafi ƙaranci, idan kuwa lokacin hunturu ne kuma ta Kano ko Kaduna zai tashi, ko yana tare da tsoho ko mara lafiya, kwana biyu ya fi. Ga masu haɗa tafiyar da Umara akwai hanya mai sauƙi da ba ta ƙara ko kwabo, wato a juya tsarin, a fara da Umara sannan a hau jirgi, tunda Makka ba ta kai kilomita 100 daga Jidda ba, kuma mutum zai kasance a ƙasar tun kwanaki kafin ranar hawa. Na ba mai ofishin wannan shawara, ya ce zai duba. A sabuwar takardar tallarsu da na gani an ƙara kwana guda a Jidda, amma an sa shi a matsayin zaɓi mai ƙarin kuɗi, kuma har yanzu lokacin tashin jirgi kaɗai aka rubuta. Duk wanda zai biya, ya biya kuɗin kwanan nan, sannan kafin ya bar ofis ya sa a rubuta masa lokacin rufe karɓar fasinja da agogon Jidda, da lambar wakilin jirgi na tasha, da lambar wani ma'aikacin ofis da zai ɗauki waya cikin dare.